Ranku Ya Daɗe, Aikatau ’Yan Gata

Duk ƙasar da ta san ciwon kanta tana da mutane iri biyu: waɗanda aka kafa doka domin su bi, da waɗanda aka kafa doka domin su tsallake. Babu inda wannan kyakkyawan tsari ya zauna daram kamar a nahawun Turanci. Shi ya sa yau na ga ya dace a faɗi a yi gaisuwa ga manyan wannan masarauta, wato aikatau ɗin nan da ba su bin ƙa’ida, waɗanda mahassada ke kira kangararru, mu kuwa masoya muke ce musu ’yan gata.

Dokar masarautar gajeriya ce, ko yaron da ya shiga aji jiya zai riƙe ta. Idan aiki ya riga ya wuce, sai a liƙa wa kalma *-ed* a ƙeya. *Walk* ya koma *walked*, *cook* ya koma *cooked*, *wash* ya koma *washed*. Dubban aikatau na bin wannan doka safe da yamma, ba gardama, ba ƙorafi, kamar yadda ya kamaci talaka. Sai kuma wasu kimanin 200 da suka dubi dokar sama da ƙasa, suka gyara zaman rawani, suka ce ba da su ake ba.

Kada wani ya ce ai 200 cikin dubbai ba wani abu ba ne. Manya dama ba yawa gare su ba, nauyi gare su. Masu ƙidayar kalmomi sun jera aikatau goma da suka fi yawan fita daga bakin Bature: *be, have, do, say, make, go, take, come, see, get*. Cikin goman nan babu mai bin doka ko ɗaya. Ke nan ba ka isa ka ce ka je, ko ka zo, ko ka gani, ko ka samu, ba tare da ka bi ta ƙofar gidansu ka tuɓe takalmi ba. Wa ya ga iya mulki!

Masana ma sun san girman manya. Jacob Grimm, Bajamushen nan da shi da ƙanensa Wilhelm suka tattara tatsuniyoyin ƙasarsu, ya fitar da littafin nahawu a 1819, inda ya raba aikatau gida biyu. Masu juya wasalin cikinsu da kansu, irin *sing, sang, sung*, ya raɗa musu suna ƙarfafa. Masu tsayawa a layi suna jiran a liƙa musu ɗafa-ƙeya kuwa, ya kira su raunana. Har gobe da waɗannan sunaye ake karantarwa a jami’o’i. Wannan Bajamushe ya san duniya: wanda duk ka ga yana bin doka, rauni ne ya sa shi.

A fara gaisuwa da mai girma *go*. A tsohon Turanci yana da nasa shuɗaɗɗen lokaci, *eode*, amma da tafiya ta yi nisa sai ya tsufa ya kwararraɓe. Da wani ƙaramin aikatau ne, sai ya je ya bi layi ya karɓi *-ed* ɗinsa ya yi godiya. *Go* bai yi wannan zubar da girma ba. Leƙawa ya yi gidan maƙwabcinsa *wend*, mai nufin kama hanya, ya hango *went* a ajiye, ya miƙa hannu ya ɗauke. Wajen ƙarni na 15 magana ta ƙare. Shi kuwa mai kaya, da ya rasa inda zai kai kuka, sai ya koma cikin talakawa; yau *wended* yake cewa, in ma an tuna da shi. Fiye da shekara 500 ke nan, ba kotu, ba kwamitin bincike, kuma yaron da ya ƙi sa hannu a kan wannan ƙwace shi ake kwantarwa a zane.

Sai sarkin sarakuna, *be*, mai riga takwas: *be, am, is, are, was, were, been, being*. Masana sun ce aƙalla aikatau uku ne daban-daban aka rushe katangarsu aka haɗe su gida ɗaya tun zamanin kakannin Turawa. Shigar da zai yi ta danganta da wanda ya zo fada: ni *am*, kai *are*, shi *is*. Idan jiya ce, mutum ɗaya *was*, jama’a *were*. Ka riƙe? To, *you* ko shi kaɗai ne a daji *were* zai ce, kuma idan zancen “da a ce” ya taso, ni ma *were* zan ce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Babbar baiwar ’yan gata ita ce ba a sanin inda suka sa gaba. Yaro ya haddace *sing, sang, sung*, ya ƙara da *ring, rang, rung*, ya washe baki yana cewa ya kama bakin zaren. Ya iske *bring* zaune, ya gaishe shi da *brang, brung*. Sai a daka masa tsawa: *brought*! Ya haɗiye, ya koyi *teach, taught*, ya nufi *reach* da *preach* da irin wannan gaisuwa, a ce masa a’a, waɗannan talakawa ne, *reached* da *preached*. Dubi *take, make, bake, wake*, a kunne kamar uwa ɗaya uba ɗaya, amma *took, made, baked, woke*, kowa da alƙiblarsa. Wannan ba rikici ba ne, horo ne, don kada yaro ya tashi da mugun zaton cewa abin da ya yi aiki jiya zai yi aiki yau.

Akwai kuma dattawan fada da suka fi ƙarfin motsi: *put, cut, hit, shut, cost*. Jiya ta zo ta same su a kujera, yau ta zo ta same su, ba su ko gyara zama ba. *Read* ya fi su wayo, domin a takarda bai sauya ko harafi ba, amma a baki yau “rid” ne, jiya “red”. Mai karatu shi zai yi duba ya gano wanda ake nufi. Ga *lie* na kwanciya, wanda jiyansa *lay* ne, alhali akwai wani *lay* ɗin daban mai nufin ajiyewa, wanda nasa jiyan *laid* ne, ga kuma *lie* na shara ƙarya. Turawan kansu tuntuɓe suke ci a nan kullum. Cikin ukun, maƙaryacin ne kaɗai ya karɓi ɗafa-ƙeyarsa tsaf, *lied*, ba ja-in-ja. Amma wanda ya fi burge ni shi ne *hang*. Idan riga aka rataye, *hung*. Idan mutum ne alƙali ya yanke wa hukuncin rataya, *hanged*. Ko a bakin igiya, bawan Allah da doka zai cika.

Masu cewa wannan masarauta ba ta da tsari, su je su tambayi Jami’ar Harvard. A 2007 wasu masana a can, cikinsu da Erez Lieberman da Martin Nowak, suka wallafa bincike a mujallar Nature. Sun bi sawun aikatau 177 da ba su bin doka a tsohon Turanci. Zuwa Turancin tsakiyar zamani, na lokacin Chaucer, saura 145. Yau saura 98. Su wa aka tuɓe? Waɗanda ba a yawan kiran sunansu. Lissafin ma ya fita sarai: aikatau ɗin da aka fi wani ƙarancin amfani da shi sau ɗari, ya fi shi saurin faɗawa hannun doka sau goma. *Help* a da *holp* yake cewa, *climb* kuma *clomb*, duk an warware musu rawani an mayar da su layi. Masanan har sun nuna wanda suke jin shi ne na gaba, wato *wed* na ɗaurin aure. Ashe doka tana aiki. Tana dai farawa ne daga wanda ba shi da jama’a, kamar yadda ake yi a ko’ina aka ci gaba.

Baƙi kuwa sun san matsayinsu. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, aikatau na Faransanci sun kwararo cikin Turanci, kusan dukkansu suka durƙusa suka karɓi *-ed*. Haka ’yan bana-bakwai na zamanin intanet, *googled, emailed, downloaded*, ba wanda ya ɗaga kai. Sai dai ƙofar fada ba a rufe take ruf ba ga wanda ya iya shiga jikin manya. *Catch* baƙo ne daga Faransancin Normandawa, amma ya yi ta zama kusa da masu sarauta har aka naɗa shi *caught*. *Dig* talaka ne tilis, a Baibul ɗin Sarki James na 1611 *digged* yake, daga baya aka wayi gari ya zama *dug*. A Amurka, cikin ƙarni na 19, *sneak* ya sulale ta bayan gida ya fito da *snuck*, *dive* kuma ya samo *dove*. Shakespeare da ake ta yi mana kuri da shi ya rubuta *digged*, ya rubuta *catched*, ya rubuta *holp*. Allah ya rufa masa asiri bai zauna jarrabawa a ƙasar nan ba, da jan biro ya ƙare a kan takardarsa.

Masarauta ba ta zama sai da dogarai, kuma a nan dole a yaba wa Robert Lowth, malamin cocin da daga baya ya zama bishop ɗin Landan. A littafin nahawunsa na 1762 ya lura cewa mutane, har da manyan marubuta, sun fara lalaci suna cewa *have wrote* da *have spoke*, wato suna neman mayar da siffa uku ta koma biyu. Ya tashi tsaye ya kira abin ɓarna. Shi da magadansa suka tsare siffar nan ta uku da kulki. Da an ƙyale mutane da son sauƙinsu, wa ya san yawan haddar da ’ya’yanmu za su yi asara? Kuma don kada abin ya yi sauƙi ta wata ƙofar, ’yan gatan sun raba gado tsakanin ƙasashe: Ba’amurke ya ce *gotten*, Ba’ingile ya ce *got*, na Amurka ya fi son *learned* da *dreamed*, na Ingila bai ƙi *learnt* da *dreamt* ba. Malam ya koya wa yaro na Ingila da safe, fim da waya su koya masa na Amurka da dare, shi kuwa ya tsaya tsakiya yana rarraba ido.

Amma duk girman sarki, sai da talakawa masu biyayya, kuma a nan ne mu muka ciri tuta. Shiga ajin ƙaramar sakandare da hantsi. Yara sun fi ƙarfin benci, wasu na zaune a kan taga. Malam ya ja layi biyu a allo daga sama har ƙasa, gida uku ke nan, ya buɗe jadawalin da ke cikin littafi, ya fara kwafa. Jadawalin a jere yake bisa haruffa, don adalci, saboda haka yaro zai fara sanin *arise, arose, arisen* da *bear, bore, borne* tun kafin ya san yadda zai ce ya ci abinci. *Write* kuwa yana can ƙasan shafi, sai wanda Allah ya nufa da tsawon zango. Malam ya buga sanda a allo, aji ya ɗauka da murya ɗaya har ajin maƙwabta na amsawa: “*Begin, began, begun! Break, broke, broken!*” Daɗin sauraro kamar me. Monita na gefe da takarda, yana rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, don akwai tara.

Sai Malam ya nuna wani a baya. “Kai, tashi. Jiya ina ka je? Da Turanci.”

Yaro ya miƙe yana murza gefen riga. Ya san *go* tafiya ce. Ya san an ce abin da ya wuce *-ed* ake sa masa. Ya haɗa biyu da biyu. “*I goed to market*, Malam.”

Aji ya kwashe da dariya, har da waɗanda da su aka tambaya ko wannan ba za su iya ba. “Miƙo hannunka.”

Madalla da wannan hukunci, domin laifin yaron babba ne: tunani ya yi. A 1958 wata masaniya a Amurka, Jean Berko, ta gwada ƙananan yara da kalmomin da ta ƙirƙiro, waɗanda ba su taɓa ji ba. Ta nuna musu zanen wata halitta ta ce sunanta *wug*, da ta nuna biyu suka ce *wugs*. Ta ba su aikatau na ƙarya, suka liƙa musu *-ed* da kansu. Aka gane cewa yaro ba aku ba ne, doka yake tsamowa daga abin da yake ji. Shi ya sa ’ya’yan Turawa da kansu suke cewa *goed* da *breaked* da *comed*, sau da yawa ma bayan sun daɗe suna faɗin *went* daidai. Masana na ɗaukar wannan alamar ƙwaƙwalwa ta fara aiki, uwa a Landan ta yi dariya ta maimaita masa daidai, a wuce wurin. Sakaci ke nan irin na Turawa. Mu da muka fi su kishin harshensu mun san maganin wannan cuta tun tana ƙarama. Bulala uku, yaro ya koyi darasin da ya fi kowane jadawali amfani a rayuwa: wanda ya gwada ya sha duka, wanda ya yi shiru ya tsira. Haka muke yaye ɗalibi mai iya rera aikatau hamsin a jere ba numfashi, wanda idan baƙo ya tambaye shi hanyar tasha sai ya sunkuyar da kai. Natsuwa ke nan.

Ladan wannan tarbiyya yana gaba. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da ƙanwarta NECO, suna nan suna jira, kuma jami’a ba ta buɗe wa kowa ƙofa sai da kiredit a Turanci. ’Yan gata ba su kaɗai ke tsaron wannan ƙofa ba, amma suna cikin manyan masu riƙe da makulli. Yarinya ta iya lissafi, ta iya kimiyyar haɗa magunguna, amma ta cika takarda da *she has went* da *he teached*. Ai gara ta zauna gida ta sake shekara, kada wata rana ta ba marar lafiya magani daidai da Turanci ba daidai ba. Mu ma jama’ar gari muna taimakawa. Babban mutum ya kwafsa ya ce *did you went* a gaban kyamara, kafin la’asar an yanka bidiyon ya zaga Facebook, an yanke masa hukuncin jahilci har jikokinsa. Wani kuwa ya miƙe ya bayyana ɓatan kuɗin asibiti da *had been taken* da *was not known*, kowace kalma a gidanta, sai mu gyaɗa kai mu ce kai, mutumin nan ya yi karatu.

Idan kana son ganin darajar ’yan gata, dubi talaucin waɗanda ba su da su. Bahaushe ya ce na tafi, zan tafi, nakan tafi, in tafi: aikatau na zaune wuri ɗaya, ɗan wakilin suna ke ɗaukar dakon lokaci. Ina armashi a nan? Masu Buroka sun fi kowa rashin kunya, domin sun kama mai girma *go* da kansa sun tuɓe shi: *I don go, I bin go, I go go*. Miliyoyin mutane na ciniki da aure da faɗa da wannan harshe ba tare da *went* ba, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017, ba ta ko ji nauyi ba. Malaman zaure kuma wata ɓarnar lokaci suke yi. Larabci na da nasa fi’ilai masu illa, amma maimakon a ce wa almajiri haddace ka yi shiru, sai a zauna da Lamiyyatul Af’ali ta Ibnu Malik, ko Hisnur Rasin na Malam Abdullahi na Gwandu, ana warware masa dalilin da ya sa wawun da ke cikin “yaƙulu” ya koma alifi a “ƙala”. Su ba su san bayyana dalili yana rage wa sarauta kwarjini ba?

To, laifi tudu ne. Mu ma muna da namu ’yan gatan, a jam’i suka yi fada. Doki dawaki, akuya awaki, tunkiya tumaki, sa shanu, mace mata. Aikatau ma akwai masu sauya riga: na saya, na sayi goro, na saye shi. Baturen da ya zo koyon Hausa yakan yi gumi a nan. Sai dai akwai wani sirri mai haɗari da bai kamata ya shiga kunnen malaman makaranta ba: babu Bahaushen da aka taɓa ja wa layi biyu a allo kafin ya san jam’in akuya. A bayan uwa ya ji, a tsakar gida ya ji, a tatsuniya ya ji, ya kwafsa aka yi dariya aka gyara masa, har ta zauna. Abin da lissafin Harvard ya nuna ke nan ta wata fuska: yawan ji da yawan faɗa ne ke riƙe da waɗannan kalmomi a raye, ko a bakin masu harshen.

Shi ya sa nake jan kunnen hukuma game da wasu malamai masu neman tada zaune tsaye. An ce suna watsar da jerin haruffa, suna fara wa yara da aikatau ashirin ko talatin da aka fi buƙata. Suna tara su dangi-dangi: *bring, buy, think, fight, catch, teach* a ɗaki ɗaya tunda ƙarshensu amo ɗaya ne, *blow, grow, know, throw* a wani, *keep, sleep, sweep, weep* a wani, *drink, sink, swim, begin* a wani. Suna ba yara ƙananan littattafan labari, inda *went* da *said* da *saw* za su yi ta gilmawa a kowane shafi har ido ya saba. Mafi muni, kowace safiya sukan sa yaro ya ba da labarin abin da ya yi jiya, ya kwafsa, su maimaita masa daidai, ba ko tsumagiya. Allah ya kiyaye! Idan wannan bidi’a ta yaɗu, ɗan mai facin taya zai buɗe baki ya yi Turanci kamar ɗan kwamishina, to da me za a riƙa bambanta su a wurin neman aiki? Masu darasin yamma na kuɗi su ci me? Mai sayar da dorina a bakin kasuwa fa, shi ba shi da iyali?

Saboda haka ranku ya daɗe, kuma zai daɗe ɗin. Masanan Harvard sun ƙiyasta cewa manya irin *be* da *have* na iya kwashe wajen shekara 38,800 kafin a fara zancen doka ta iso ƙofarsu. Ko a tarihin tazarce ba a taɓa jin wa’adi mai albarka irin wannan ba. Duk yaron da ke ganin an zalunce shi, ya yi haƙuri ya jira ƙarshen wa’adin ya shigar da ƙara. Kafin nan, Malam, a goge allo, a ja layi biyu, a koma kan *arise*.